Yadda za ka yi amfani da kalmar "defend" a Turanci ba tare da ka kwafsa ba

Wani yaro da nake yi wa lesin ɗin Turanci ya turo min wasiƙar neman tallafin karatu a WhatsApp wai in duba masa kafin ya miƙa, ina cikin karantawa sai na ci karo da "I defend on my uncle for my school fees", wallahi sai da na ajiye wayar na yi dariya tukuna sannan na kira shi. Shi abin da yake son faɗa shi ne ya dogara da kawunsa, wato "depend", amma harafi ɗaya ya juya maganar gaba ɗaya, kuma ba laifinsa ba ne sosai, ciwon mu ne gaba ɗaya mu Hausawa da "p" da "f". Tun daga ranar nake ta cewa zan zauna in rubuta wani abu a kan kalmar nan don ta fi yadda muke ɗaukarta faɗi, a kotu tana nan, a filin ƙwallo tana nan, a jami'a tana nan, har a rantsuwar kama aiki. To bari mu bi ta daki-daki.

Mataki na 1: fara da gyara bakinka

Kafin ma'ana, furuci. A Hausa "f" ɗinmu da leɓe biyu muke yin ta, shi ya sa wani zai ce fara, wani para, Basakkwace ko Bakatsine ya ce hwara, kuma duk mun gane juna. Turanci bai yarda da wannan sassaucin ba. Ɗauki madubi ko kamarar gaba ta wayarka, ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska, wannan ita ce "f" ta "defend". Ita kuwa "p" ta "depend" leɓɓan ne ke haɗewa ruf sannan su buɗe da ƙarfi, haƙori ba ruwansa. In kana faɗin "defend" ba ka ga haƙoranka a madubi ba to ba ita ka faɗa ba.

Nauyin murya a gaɓa ta biyu yake, di-FEND, kuma kar ka ƙara mata wasali a ƙarshe ta koma "difendi". In ta zama "defended" gaɓa uku ce, di-FEN-did. Siffofinta huɗu ne kacal, defend, defends, defended, defending, ba ta da rikici irin na "go" da "went". Abin da kawai zan ja kunne a kai shi ne bayan "did" ko "didn't" ba a sa "ed", "he didn't defend me" ake cewa, "he didn't defended me" kuskure ne da nake gani kusan kullum a takardun yara.

Mataki na 2: tambayi kanka, wa ya kawo hari?

Nan ne gundarin maganar, in ka riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne. Mu a Hausa kalma ɗaya ce "kare" take mana aiki da yawa, mu ce kare gari, kare kai daga sauro, kare yaɗuwar cuta, kare mutunci, lema ta kare ni daga ruwa. Bature ya raba aikin nan wa kalmomi daban-daban, kuma rabon da "defend" ta samu shi ne inda akwai mai kawo hari, da makami ne ko da baki ko da ƙwallo ko da takardar ƙara, kai kuma ka tsaya ka tare shi. Asalin kalmar ma haka ya nuna, daga Latin ta fito, "defendere", ta biyo ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci, kuma tushenta na nufin bugewa ko kaɗe abu ya koma. Uwa ɗaya ce ta haife ta da "offend", har "fence" ɗin da muke cewa katanga ko shinge guntun "defence" ne aka datse masa kai.

Don haka gidan sauro ba ya "defend" ɗinka, "a mosquito net protects you from malaria" ake cewa, haka lema, haka hular kwano ta ɗan acaɓa, duk "protect" ne saboda su shamaki ne kawai, ba faɗa suke yi ba. Maigadi kuma "guard" yake yi, kalmar gadi ma daga can muka aro ta, yana tsaron ƙofa ko da ba wanda ya zo, amma ranar da ɓarayi suka hauro ya ɗauki gora ya tare su, to a ranar za ka iya cewa "he defended the house". In kuma nufinka a hana abu faruwa tun farko, kamar kare yaɗuwar kwalara, "prevent" ce, "to prevent the spread of cholera", kar ka kuskura ka rubuta "defend the spread" don ka koma mai goyon bayan yaɗuwar ke nan.

Akwai wuri ɗaya da za ka ga kamar an karya dokar, likitoci na cewa "white blood cells defend the body against infection", amma in ka duba ba a karya ba, ƙwayoyin cuta ne maharan, garkuwar jiki kuma da gaske yaƙarsu take yi.

Misalin da nake ba yara shi ne ganuwar Kano. An gina ta don kare birni daga mahara, "the walls were built to defend the city", kuma lokacin da sojojin Turawan Ingila suka iso a watan Fabrairun 1903 mutanen da suka tsaya a bakin ganuwa su ne "the defenders". Ga mahari, ga abin da ake karewa, ga mai karewa, ƙafa uku ke nan kamar murhu, in ɗaya ta ɓace a jimlarka ka sake tunani ko "defend" ce ta dace.

Mataki na 3: gina jimlar

Tsarin shi ne mai karewa, sai "defend", sai abin da ake karewa kai tsaye ba tare da wata ƙaramar kalma a tsakani ba, sannan in kana son ambaton maharin ka kawo "against" ko "from". "The soldiers defended the village against the bandits." "She defended her brother from the bullies." Duka biyun daidai ne amma "against" ta fi yawa, musamman in zargi ne ko suka, "he defended himself against the allegations". In ka rasa wacce za ka ɗauka ɗauki "against", da wuya ta ba ka kunya.

Abin da ba a yi shi ne "defend for him" ko "defend on him" ko "defend about the matter". Mu kan ce ya tsaya masa, ya shigar masa, sai hannu ya so rubuta "for", a'a, "he defended him" shi ke nan.

Sai maganar kare kai. Kowa ya san ba "defend my head" ba ne duk da na taɓa gani da idona a takardar wani ɗan aji uku, amma kuskuren da ya fi yawa shi ne "I defended me" ko kuma a raba kalmar biyu a rubuta "my self". Kalma ɗaya ce, myself, yourself, himself, herself, ourselves, themselves. "We have the right to defend ourselves." Sunan abin kuma "self-defence", da ɗan karan ɗori a tsakiya.

Mataki na 4: gane wane fili kake ciki

Na farko filin yaƙi, mun riga mun taɓo shi. Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya rera kalmar nan a asambuli ba sau ɗaya ba ba sau ɗari ba, ko da bai san me yake faɗa ba, a cikin alƙawarin ƙasa da Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, wajen "to defend her unity". Mu dai a lokacin "tu difen ha yuniti" muke ta zubawa rana na dukanmu. Ka lura haɗin kai ba gari ba ne ba kuma mutum ba, amma ana iya kai masa hari, shi ya sa kalmar ta zauna. Haka a rantsuwar da shugaban ƙasa da gwamnoni ke yi a ƙarƙashin tsarin mulkin 1999 akwai "preserve, protect and defend the Constitution", kalmomi uku a jere, kuma da ma'anarsu ɗaya ce sak da ba a wahalar da kai an jero su ba.

Na biyu filin baki, kuma a rayuwar yau da kullum wannan ya fi kowanne yawa. Ana sukar mutum ko ra'ayi ko wani mataki, kai kuma ka fito ka ce a'a ga hujja. "Why are you always defending him?" wato kai kullum sai ka shigar masa. A kanun jarida za ka ga irin su "Governor defends new tax", ma'ana an yi ca a kansa ya fito yana kare matakin, kuma kar "defends" ɗin ta ruɗe ka, 'yan jarida na rubuta kanu kamar yanzu abin ke faruwa ko da jiya ne. Bambancinta da "support" a nan yake, za ka iya goyon bayan ɗan takara ba wanda ya zage shi, wannan "support" ne, amma ranar da aka taso shi a gaba a Facebook ka shiga kwament kana mayar da martani har ƙarfe biyun dare, "defend" kake yi. Kuma kare mutum ba ya nufin ka yarda ya yi daidai, ana cewa "I'm not defending what he did, but..." in mutum na so ya yi bayani ba tare da a ce ya goyi bayan ɓarna ba, jimla ce mai amfani sosai, haddace ta.

Na uku kotu. Lauya na "defend" ɗin wanda ake tuhuma, "she defended him in court". Wanda ake ƙara shi ne "defendant", kuma don Allah kar ka haɗa shi da "defender", na ga wanda ya rubuta wai alƙali ya yanke wa "defender" hukuncin wata shida, sai ka ce ɗan bayan wata ƙungiya aka kama. Lauyan da ke kare shi "defence counsel", ɓangaren gaba ɗaya "the defence", masu gabatar da ƙara kuma "the prosecution". Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi damar "defend himself in person or by legal practitioners of his own choice", wato ya kare kansa da kansa ko ya ɗauki lauyan da ya ga dama.

Na huɗu wasanni, inda 'yan gidan kallo suka fi kowa ƙwarewa. A nan ne za ka fi jin kalmar tana yawo ita kaɗai ba abin da ke bin ta, "they defended well in the second half", ba sai ka ce me suka kare ba kowa ya san raga ce. Difenda kuwa ta riga ta zama Hausa. Amma akwai ma'ana ta biyu da ake yawan kwafsawa, ita ce kare kambu. "Defend the title" na nufin kai ke riƙe da kofin kuma ka shigo gasar don kar a ƙwace, ba ya nufin ka sake ci. Faransa ta ɗauki kofin duniya a 2018, ta je Qatar a 2022 a matsayin "defending champions", ta kai har wasan ƙarshe Ajantina ta doke ta a bugun fanareti, to Faransa "failed to defend the title". In kana son nuna an sake ɗauka ba tare da barin ƙofar shakka ba sai ka ƙara "successfully" ko ka yi amfani da "retain". Italiya ta yi nasarar kare kofin duniya a 1938, Brazil a 1962. A gida Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 ta sake ci a 2004, Kano Pillars ta ɗauki firimiyar Najeriya a 2012 da 2013 da 2014, to "Pillars successfully defended the league title twice", sau biyu fa ba sau uku ba, don na farkon ci ne ba karewa ba, wannan lissafin ya sha jawo musu a majalisarmu. Super Eagles kuwa bayan sun ci kofin Afirka a 2013 ƙarƙashin Stephen Keshi ko gurbin zuwa na 2015 ba su samu ba, balle a yi maganar kare kambu. A dambe ma haka ne, Anthony Joshua ya shiga kare bel-bel ɗinsa a watan Yunin 2019 Andy Ruiz ya ƙwace, da ya karɓo su a Saudiyya a watan Disamba ba "defend" ya yi ba, "regain" ya yi, shi Ruiz ne mai karewa a ranar.

Na biyar makaranta da ofis. Ɗalibin ajin ƙarshe zai tsaya gaban malamai ya kare furojet ɗinsa, "I will defend my project on Monday". Maharan a nan su ne masu tambayoyi, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban fanel da kwat ɗin aro gumi na bin bayansa ya san hari ne na gaske. Haka ministoci da shugabannin hukumomi ke zuwa majalisa kare kasafin kuɗinsu, abin da ake kira "budget defence". Akwai kuma wata magana da muke yi a Najeriya, "he cannot defend his certificate", wato yana da takarda amma ba ilimin, a nan kowa zai gane ka, amma in da baƙo ɗan wata ƙasa kake magana ko kana rubuta jarrabawar IELTS gara ka warware maganar, ka ce ba shi da ilimin da takardar ke nunawa.

Mataki na 5: raba aikatau da suna

"Defend" aiki ne, "defence" suna ne, kuma kullum ana musanya su. "I have project defend tomorrow" ba daidai ba ne, "I will defence my project" shi ma haka. Ko dai "I have my project defence tomorrow" ko "I will defend my project tomorrow". Dabarar ita ce in akwai "will" ko "to" ko "can" a gabanta to mai "d" ce, in akwai "the" ko "my" ko "a" to mai "ce" ce.

Sai rigimar "c" da "s". Turawan Ingila na rubuta "defence", Amurkawa "defense", mu kuma na Ingila muke bi, shi ya sa za ka ga Ministry of Defence, da Nigerian Defence Academy da ke Kaduna wadda aka kafa a 1964, da 'yan sibil difens, duk da "c". A WAEC da NECO riƙe "c". In kwamfutarka na ja maka jan layi a ƙarƙashin "defence" ba kai ka yi kuskure ba, an saita ta a Turancin Amurka ne, shiga wajen zaɓen harshe ka mayar da ita na Ingila. Abin haushin shi ne su kansu Turawan Ingilan da suka nace wa "c" suna komawa "s" a "defensive" da "defensible" da "indefensible", amma "defenceless" ta riƙe "c" ɗinta, ba wata hikima a ciki, haddacewa kawai za ka yi.

"Defensive" tana buƙatar ɗan tsayawa. A ƙwallo ba laifi ba ce, "defensive midfielder" ɗan tsakiya ne mai taimakon baya. Amma in oga ya ce maka "don't be so defensive" ba yabo ba ne, yana nufin daga an ɗan yi maka gyara ka hau kumfar baki kamar an zage ka. "Indefensible" kuma abin da ya yi munin da ba mai iya kare shi. Ga wasu guntayen da za su yi maka amfani a hira da rubutu, "in my defence" in za ka kawo uzuri, "in defence of" in kana rubutu don kare wani abu, "she came to my defence" wato ta shigar min lokacin da aka yi min taron dangi.

Mataki na 6: in ka yi Faransanci, yi hattara

Wannan na 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai ne da duk wanda ya fara da Faransanci. "Défendre" a can tana da ma'ana biyu, karewa da kuma hanawa, shi ya sa ake rubuta "défense de fumer" a bango ma'ana an hana shan taba. Turancin yau bai da wannan ma'ana ta biyun sam, in ka ce "my father defended me to go out" ba wanda zai gane babanka ya hana ka fita ne, "my father forbade me to go out" ko "didn't allow me to go out" za ka ce. Sannan abin da kuke kira "soutenance" a jami'a shi ne "defence" a Turanci, don haka "I will support my thesis" ba ta isar da saƙon ba, "defend" ce.

Mataki na 7: gwada da hannunka

Ɗauki biro ka mayar da waɗannan Turanci kafin ka duba ƙasa. Matasan unguwa sun kare kasuwa daga ɓarayi. Allurar rigakafi na kare yara daga ƙyanda. Lauyan da ya kare shi bai karɓi ko sisi ba. Na dogara da albashina. Kar ki riƙa kare shi in ya yi laifi. Ƙungiyar ta kasa kare kambunta.

Ta farko akwai mahara kuma an tare su, "the youths defended the market against thieves". Ta biyu "protect" ce ta fi zama, "vaccination protects children against measles", ka ga "against" ba ta "defend" kaɗai ba ce. Ta uku "the lawyer who defended him did not collect a kobo". Ta huɗu tarko ce, "I depend on my salary", leɓe biyu, kuma ita ce mai tafiya da "on". Ta biyar "stop defending him when he is wrong". Ta ƙarshe "the team failed to defend its title", kuma "its" ɗin nan ba a sa mata ɗigon sama tsakanin "t" da "s".

In ka ci biyar cikin shida sai ka ƙara wani aikin, ka buɗe shafin wasanni ko na siyasa na kowace jaridar Turanci, duk inda ka ga kalmar ka ja layi ka rubuta a gefe wa ke karewa, me ake karewa, wa ya kawo harin. Wani lokacin ba a ambaci maharin a jimlar ba, sai ka koma sakin layin da ke sama za ka same shi a can, galibi 'yan adawa ne ko ƙungiyar ƙwadago.